Busar da Na'ana'a da Adana Ta a Gida

A unguwannin Yelwa na birnin Bauchi, waɗanda ke bisa hanyar da ta nufi Dass, da wuya mutum ya yi 'yar tafiya da sassafe ko da almuru bai ga tukunyar shayi a kan wuta ba. Wurin matattara ce ta ɗalibai da ma'aikata. Nan ne tsohon mazaunin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa yake, wadda aka kafa a 1980 aka kuma raɗa mata wannan suna a 1988, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, maƙwabciyar Yelwa. Duk inda jama'a suka taru haka, shayi ba ya kwantai. A cikin kayan ƙamshin da ake jefa masa kuwa, irin su citta da kanumfari, na'ana'a ce ta fi saurin lalacewa. In aka sayo ɗauri guda da safe aka yar a kan tebur, kafin gobe ya yi laushi, jibi kuwa ya yi baƙi, sai zubarwa.

Na'ana'a shuka ce mai son ruwa ƙwarai. Da damina da kuma lokacin sanyi takan yi yabanya a lambunan fadama, har ma a cikin gida, a tsohon bokiti ko a gindin wurin da ake alwala. Amma da zarar bazara ta kama, rijiyoyi suka ja baya, sai ta ƙanƙance, ta yi wuyar samu. Hikimar ita ce a tsinke ta lokacin da ta wadata, a busar, a ajiye don ranar rashi.

Busar da kayan miya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni mata suke shanya kuɓewa da barkono da kuka da karkashi, manoma kuma suna yanka tumatir su baza a rana. Sai dai a nan ne kuskure yake shigowa. Uwargida da ta saba shanya kuɓewa a tsakar rana takan ɗauka na'ana'a ma haka za a yi mata. Ta baza ta a rana yini biyu, ta kwashe, ta jefa a shayi, ta ji kamar ta dafa ciyawa. Laifin ba na ganyen ba ne, na shanyar ne.

Inda ƙamshin yake

Sunan na'ana'a daga Larabci Hausa ta aro shi, kuma mutanen arewacin Afirka, musamman Maroko, sun shahara da haɗa ta da koren shayi. Iri-iri ce. Akwai mai ƙarfi, wadda ke sa baki ya ɗauki sanyi, domin tana da sinadarin da ake kira mentol da yawa, watau abin nan da ake ji a man goge baki da wasu alewoyi. Akwai kuma mai sauƙin ƙamshi, wadda aka fi sawa a shayi. Ko wace iri ce, hanyar busar da su ɗaya ce.

Ƙamshin nan wani mai ne da ke tare a cikin wasu ƙananan ƙuraje a jikin ganyen, waɗanda ido ba ya gani sosai. Shi ya sa in mutum ya murza ganye ɗaya da yatsu, nan take ƙamshi ya tashi: ya fasa ƙurajen ke nan, mai ya fita. Wannan mai ba irin man gyaɗa ba ne da ke zama inda aka zuba shi. Mai saurin bin iska ne, kamar turare, kuma zafi na ƙara masa sauri. Masana aikin gona sun daidaita a kan cewa bai kamata zafin da ake busar da irin waɗannan ganyaye ya wuce digiri 40 a ma'aunin santigireti ba. To, a Bauchi cikin watannin Maris da Afrilu, zafin iska kaɗai yakan kusanci haka, balle na daɓen siminti ko rufin kwano da rana ta yini tana duka. Har wa yau hasken rana yana kashe koren ganye, ya mai da shi ruwan ƙasa.

Saboda haka, abin da na'ana'a take bukata shi ne inuwa da iska mai wucewa. Ita kuɓewa ana neman jikinta ne. Na'ana'a kuwa ƙamshinta ake nema, in ya tafi babu abin da ya saura.

Tsinka da wanki

Wanda ke da shukarsa ya tsinka da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta take. Lokacin da ya fi dacewa shi ne gab da za ta fid da fure, gama a sa'an nan ne man ya fi yawa a ganye. A yanka da wuƙa mai kaifi, a bar kamar tsawon yatsa guda daga ƙasa, domin ta sake tohowa. Kada a tumɓuke ta da saiwa. Idan an yi wa lambun feshin maganin ƙwari, lalle ne a jira adadin kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin su cika, domin busarwa ba ta kawar da guba. Mai saye a kasuwa, ko ta Muda Lawal ko ta Wunti ko ta cikin unguwa, ya zaɓi ɗaurin da ganyensa ke tsaye kore shar, ya kwance shi ya duba ciki, don sau da yawa ruɓa daga tsakiyar ɗauri take farawa.

Wanki tilas ne. Ba kowane lambu ake ba ruwa mai tsabta ba. Wasu na gefen gari da ruwan kwata ake shayar da su. A zuba ruwa mai kyau a kwano mai faɗi, a tsoma rassan a girgiza su a hankali, a canja ruwa sau biyu ko uku har yashi ya daina kwanciya a gindin kwano. Ba a cuɗa ta kamar ana wankin zogale, saboda dalilin da aka ambata a baya. A cire duk ganyen da ya yi rawaya ko baƙi, ko wanda tsutsa ta ci. Daga nan a kakkaɓe ruwan, a shimfiɗa rassan a kan tsumma mai tsabta har jikinsu ya tsane sarai. Ganyen da aka ɗaure da jiƙonsa baƙi yake yi.

Shanya

Hanya biyu ce. Ta farko, a ɗaure rassa biyar ko shida da zare, a rataye su kai ƙasa a jikin igiya, a cikin rumfa ko zaure ko ɗakin da ake buɗe tagoginsa. Ɗaurin ya zama ƙarami. In ya yi kauri, waje zai bushe, ciki ya ruɓe. Ta biyu, a tsige ganyen a baza shi a kan faifai ko rariya, ba tare da wani ya hau kan wani ba, a riƙa juyawa sau ɗaya a yini. Faifai ya fi tiren ƙarfe, domin iska tana ratsa saƙarsa ta ƙasa. Kada a rataye a madafi, gama ganyen zai kwashi warin hayaƙi.

Yanayin shekara shi ke nuna tsawon lokacin da aikin zai ci. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar Bauchi a bushe take ƙwarai, kwana uku ko huɗu sun isa. Matsalar wannan lokaci ƙura ce, don haka a lulluɓe faifan da yadi mai shara-shara, irin tsohon mayafi da aka wanke. Wasu kan yanki tsohon gidan sauro su rufe shanya da shi. Wannan bai dace ba, domin gidajen sauron da ake rabawa a asibitoci an tsoma su cikin maganin kashe sauro, ba a yi su don su taɓa abinci ba.

Damina ita ce mai wuyar sha'ani, musamman watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka, iska ta cika da laima. Ganye kan yi mako guda ko fiye bai bushe ba, kuma fumfuna na iya riga shi. In ya zama dole a yi shanya a lokacin, a rage yawan ganyen, a ɗaga faifan sama kusa da rufi inda ɗumi ke taruwa, a shigar da shi ɗaki da yamma kafin raɓa ta sauka. Duk ganyen da aka ga farin gashi-gashi ko toka-toka a jikinsa, ko aka ji yana warin ruma, a zubar da shi duka, kada a ce za a tsince. Amma mafi alheri shi ne a yi haƙuri zuwa ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ɗauke, shukar kuma tana da sauran ƙarfinta.

Alamar bushewa ita ce ganye ya yi ƙaras-ƙaras, ya farfashe in an matsa shi, reshe kuma ya karye maimakon ya lanƙwashe. Launinsa ya kasance kore mai ɗan duhu. Kada a yi mamakin ganin ya ragu ainun, domin fiye da kashi uku cikin huɗu na nauyin ɗanyen ganye ruwa ne.

Batun ɓera

Akwai wani dalilin da ya fi ƙamshi nauyi, wanda ya sa ba a so a yi shanya a ƙasa. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lasa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa yake ɗauke da ƙwayar cutarsa, yana kuma zubar da ita cikin fitsarinsa da kashinsa. Jihar Bauchi tana cikin jihohin da cutar ta fi addaba a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo, kuma ta fi tashi ne da rani, watau daidai lokacin da shanya ta fi yawa. Don haka ne Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa take gargaɗin jama'a da su daina shanya abinci a ƙasa ko a bakin titi, su kuma riƙa rufe abin da suka ajiye.

Wani zai ce ai tafasa ganyen za a yi, wuta kuwa tana kashe cuta. Gaskiya ne. Amma kafin ya shiga tukunya hannu ya taɓa shi, an tsige, an murza, yaro ya ɗauka ya shinshina. Ratayewa a igiya ta fi aminci ta wannan fuska. Mai amfani da faifai ya ɗora shi bisa wani abu mai tsawo nesa da bango, da dare kuma ya rufe shi da abin da ɓera ba zai iya shiga ba. Wannan gargaɗi ya shafi kuɓewa da tumatir da garin rogo da duk wata shanya.

Ajiya

In ganye ya bushe, a zare shi daga reshe a hankali, a bar shi yadda yake. Kada a daka shi ko a niƙa, domin gari ya fi saurin sakin ƙamshi. Sai an zo amfani a murza abin da ake bukata. Mazubin da ya fi kyau shi ne kwalba mai murfin da ke rufuwa gam, wadda aka wanke ta bushe ƙayau, ko gwangwani marar tsatsa. Leda ba ta riƙe ƙamshi sosai, ɓera kuma yana huda ta. Mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari ko kananzir ba a zuba abinci a cikinsa, kome yawan wankin da aka yi masa.

Akwai ɗan gwaji mai sauƙi. Bayan an rufe kwalbar, a duba ta washegari da kuma jibi. In an ga gumi a jikinta ta ciki, ganyen bai gama bushewa ba, sai a juye a ƙara masa kwana ɗaya ko biyu a inuwa. In babu gumi, a ajiye ta a wuri mai duhu, nesa da murhu da taga, nesa kuma da daddawa da sabulu. A rubuta wata da shekara a takarda a manna. A riƙa ɗiba da busasshen cokali, kada kuma a buɗe kwalbar a kan tukunyar da ke tururi. Na'ana'ar da aka yi wa haka takan riƙe ƙamshinta wata shida zuwa shekara guda. Wajen dafawa, cokali ɗaya na busasshiya yana tsayawa a madadin cokali uku na ɗanya, kuma an fi so a jefa ta bayan an sauke tukunya, a rufe minti biyar.

Wanda ke son ɗanyarta ta yi masa 'yan kwanaki kawai, ya tsoma gindin rassan a kofin ruwa ya ajiye a inuwa, yana canja ruwan kullum, ko ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ya ajiye a gindin randa. Sau da yawa reshen da ya yi mako a ruwa yakan fid da saiwa, sai a dasa shi. Ana kuma iya daskarar da ganyen a firji, sai dai in wuta ta ɗauke ya narke, baƙi yake yi, ba ya komawa daidai.

Jama'a da dama suna shan na'ana'a don kumburin ciki, kuma takan kawo sauƙi. Amma mai fama da ƙwannafi ya yi hattara, domin tana iya ƙara masa. Ba a kuma shafa wa jariri mai mai ɗauke da mentol a hanci ko a fuska, gama yana iya sarƙe masa numfashi. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, musamman da rani, na asibiti ne, a kai marar lafiya da wuri.