Amsoshin Tambayoyinku: Haƙorin Da Ke Tsirowa Bayan An Girma

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Ruma, cikin ƙaramar hukumar Batsari. Ya ce ɗansa mai shekara 21 haƙori ya tsiro masa can ƙuryar baki, kunci ya kumbura, ko tuwo ba ya iya ci. Wani ɗan tireda daga Runka ta ƙasar Safana kuma yana tambaya, wai gaskiya ne in an cire haƙorin sama ido kan mutu?

To Malam, ga amsa. Yaro yana da haƙoran nono 20, baligi kuwa 32 in sun cika. Huɗun ƙarshe turame ne, biyu sama biyu ƙasa, kuma galibi sukan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25. Shi ya sa wasu ke ce musu haƙoran hankali. Akwai ma mutanen da har su tsufa ba za su fito musu ba, kuma wannan ba cuta ba ce.

Matsalar ita ce, su ne baƙin da suka zo bayan an gama rabon wuri. In muƙamuƙi ya yi ƙunci, sai haƙorin ya fito a karkace, ya tokari na gabansa, ko ya leƙo rabi, dasashi ya rufe sauran. Ƙarƙashin wannan fatar ne guntun abinci ke maƙalewa inda asawaki ba ya kaiwa, ƙwayoyin cuta su taru, a sami kumburi da ruɓa da warin baki.

Haƙorin da ya fito daidai, ba ya ciwo, a bar shi, a dai riƙa goge shi sosai. In ciwon kaɗan ne, a kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, a sha farasitamol bisa ƙa'ida. Kanumfari yakan rage zogi, amma ba ya kawar da tushen ciwon. Kada a ɗiga ruwan batir, kada a danna asfirin a kan dasashi, domin ƙona nama suke yi.

Amma in baki ya ƙi buɗuwa, ko zazzaɓi ya shigo, ko kumburin ya gangaro ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya, to kada a jira ranar kasuwa. Irin wannan kumburi yakan toshe maƙogwaro, yana kisa. A garzaya babban asibitin Batsari ko na Dutsin-ma, in abin ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Haƙorin da ke ta kumbura yana sacewa, ko wanda ya ruɓe, shi ake cirewa. Likita zai ɗauki hoto ya ga yadda saiwar ta kwanta, ya yi allurar kashe zafi, sannan ya cire. Wannan ba aikin wanzami ba ne, don saiwa takan karye a ciki. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko mai juna biyu, su faɗa wa likita tun kafin a fara.

Bayan an cire, a cije audugar kamar rabin awa. Ranar farko ban da kurkure baki, ban da tsotsar wurin. A sha kunu mai sanyi-sanyi ko fura, a ajiye taba da goro da fartanya na 'yan kwanaki. Jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. In ya fita, zogi mai tsanani yakan biyo baya, sai a koma asibiti.

Kai kuma ɗan'uwa na Runka, kwantar da hankalinka. Jijiyar gani daban, ta haƙori daban. Tsoron makanta kada ya hana ka zuwa wurin likita.

Allah Ya ba yaron lafiya. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.