Ƙarfen Da Ke Zafi A Ɓoye: Hattara Masu Injin Niƙa Da Ƙanƙara

Daga Maine-Soroa zuwa Diffa, duk mai niƙa tattasan Komadugu ko mai sayar da ƙanƙara ya san wutar lantarki jari ce. Sai dai da yawanmu idan za a ja mana waya, kaurinta da kuɗinta kawai muke tambaya. Ba ma duba akwatin ƙarfen da wayar ke shiga, alhali can ma gobara kan samo asali.

Wutar da NIGELEC ke ba mu, da ta janareta, ba hanya ɗaya take bi ba, tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Wannan kai da komowa na haifar da ƙarfin maganaɗisu a kewayen waya. Idan aka huda farantin baƙin ƙarfe aka zura kowace waya a raminta daban, sai wata wuta ta riƙa zagayawa cikin ƙarfen, ya yi ta zafi har robar waya ta bushe ta tsage. Wani Bafaranshe, Léon Foucault, ya nuna wannan zafi a 1855, shi ya sa masu gyaran wuta da suka yi karatu da Faransanci ke kiran abin da sunansa.

Ƙwan fitila da fanka ba su da wannan damuwa. Haɗarin na wajen manyan injina ne masu layi uku, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40.

Maganin ba tsada. Mu sa mai gyara ya zura duk wayoyin da ke zuwa inji ɗaya ta rami guda, ta haka ƙarfin wannan ke kashe na waccan. In dole sai an raba ramuka, farantin da zoben da ke riƙe waya su zama na alminiyom ko tagulla, ko a tsaga ƙarfen da zarto tsakanin ramukan. Kafin mu biya, mu ɗora maganaɗisu a kai: in ya manne, baƙin ƙarfe ne ko da an shafa masa fenti.

Hajiya, Alhaji, in akwati ya yi zafi ko ana jin ƙaurin roba, a kashe wuta a kira mai gyara. Rumfa ɗaya in ta kama, ta maƙwabci ma ba ta tsira ba.