Babi na Bakwai: Ƙwayar Barci da Mace Mai Ciki

Diazepam, wanda kamfanin Roche ya fito da shi a 1963 da sunan Valium, yana cikin magungunan barcin da aka fi sani a duniya. Yana rage kuzarin saƙonnin ƙwaƙwalwa, sai jiki ya saki, fargaba ta kwanta, barci ya zo. Likitoci na ba da shi don tsananin damuwa, ɗaurewar tsoka da tsayar da jijjiga.

A Ghana, doka ba ta yarda a sayar da shi ba sai da takardar likita. Amma a zangunan Accra irin su Nima da Maamobi, inda gida ɗaya ke ɗauke da iyalai da yawa, sau da yawa maƙwabciya ce ke kwance bakin zane ta miƙo ƙwaya biyu, ta ce, "Sha, 'yar'uwa, ki samu barci." Niyyarta alheri ce, sai dai ba ta san abin da ke jikin wadda ta bai wa ba.

Ka'idojin shansa

Ana so kada shansa ya wuce mako 2 zuwa 4, domin jiki na saurin sabawa. Ba a haɗa shi da giya, tramadol ko kodin, domin haɗin na iya tsayar da numfashi. Direban motar haya (trotro) da ɗan okada su guje shi lokacin aiki. Wanda ya daɗe yana sha kuma kada ya daina rana ɗaya, domin hakan kan jawo rawar jiki har da jijjiga. Likita ne ke rage shi sannu a hankali.

Idan akwai ciki

Maganin na ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi. Idan uwa ta yi ta sha a watannin ƙarshe, ana iya haihuwar jariri jikinsa laƙwas, ba ya kama nono, numfashinsa ba ƙarfi. Maganin kuma yana fita ta ruwan nono. Duniya ta ɗauki darasi daga thalidomide, maganin barcin da masu ciki suka sha, ya sa aka haifi jarirai kimanin 10,000 da naƙasa kafin a janye shi a 1961.

Tun 2008 kula da masu ciki kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta Ghana. Don haka, uwargida, idan barci ya ƙaurace miki, ki ɗauki littafin awo da kwalin duk maganin da kike sha ki nufi Asibitin Maamobi, ki faɗa wa ungozoma gaskiya. Maigida kuma ya raka ki.