Gwajin Sankarar Mama A Kafanchan: Wa Zai Auna Hasken Da Ke Ratsa Jikin Mace?

Tun da gwamnatin tarayya ta karɓi Asibitin Tunawa da Sir Patrick Ibrahim Yakowa a shekarar 2025 domin mayar da shi Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta Kafanchan, mutanen Jema'a, Kaura, Jaba, Sanga da Zangon Kataf suka sa ran za a rage musu doguwar tafiya zuwa Jos, Kaduna, Zariya ko Abuja neman ƙwararren likita. Cikin masu wannan fata har da matan da ke buƙatar gwajin sankarar mama, wadda ita ce sankarar da ta fi kama mata a Najeriya. Ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna sama da mata 32,000 ne suka kamu da ita a ƙasar nan a 2022, kuma akasarin masu cutar ba sa isa asibiti sai ta ci jiki.

Na'urar da ke gano cutar tun kafin hannu ya ji kullutu tana aiki ne da hasken eksire. Takan ɗauki hoto huɗu, biyu a kowane mama. Abin da likita ke nema a ciki ƙanana ne ƙwarai, wani lokaci ɗigon alli da bai kai rabin milimita ba. Idan hasken ya yi kaɗan, hoton yakan yi dishi-dishi, ɗigon ya ɓace, a sallami mace da cutar a jikinta. Idan ya yi yawa, an ɗora wa mama radiyeshan ba gaira ba dalili, alhali yana cikin sassan jikin da radiyeshan ya fi yi wa illa.

Idan an yi gwajin yadda ya kamata, abin da ke shiga jiki bai wuce kimanin milisibat 0.4 ba, wato kwatankwacin abin da mutum ke samu daga ƙasa da iska cikin wata biyu. Matse maman da ake yi tsakanin faranti biyu, wanda mata da yawa ke kuka da shi, shi ne ke rage kaurin naman, ya rage hasken da ake buƙata, ya kuma fito da hoton sarai.

Na'urar zamani mai haɗe da kwamfuta, wadda Amurka ta fara amincewa da ita a 2000, ta fi ta fim amfani ga mata 'yan ƙasa da shekara 50 da masu ƙaƙƙarfan naman mama. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin cutar takan kama matan Najeriya da ƙuruciya fiye da na Turai. Sai dai tana da nata tarkon. A zamanin fim, haske ya yi yawa sai hoto ya yi baƙi, ma'aikaci ya gane nan take. Kwamfuta kuwa takan gyara hoton ya fito tas, ta yadda na'ura za ta iya shafe watanni tana zuba hasken da ya wuce kima ba wanda ya lura.

A nan ne aikin ya dawo teburin jami'an Abuja. Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin amfani da irin waɗannan na'urori. Amma lasisi ba ya hana na'ura kaucewa saitinta bayan an girka ta. Kasafin da ya tsaya a kan kuɗin saye ya bar aikin a rabi. Dole ya ƙunshi albashin masanin fiziks na asibiti da zai riƙa auna hasken, da horar da mata masu ɗaukar hoto, da kayan gwajin na'ura na mako-mako, da yarjejeniyar gyara, da wutar lantarki mai tsayuwa da na'urar sanyaya ɗaki.

Duk jami'in da takardar kwangilar irin wannan na'ura ta biyo ta ofishinsa, ya kamata ya tambaya kafin ya sa hannu: wa zai riƙa auna hasken, sau nawa a shekara, kuma daga wane layin kasafi za a biya shi?