Tsohon Miki: Yadda Mazan Jiyan Yaƙin Biyetnam Suka Yi wa John Kerry Taron Dangi

A daren 29 ga watan Yuli na shekarar 2004, a birnin Boston, Sanata John Kerry ya hau mumbarin babban taron jam'iyyar Dimokurat, ya ƙame ya sara wa jama'a irin ta soja, ya ce ga shi ya zo karɓar aiki. Lissafin jam'iyyar a fili yake: Amurka tana cikin yaƙi a Iraƙi da Afganistan, don haka sai a tsayar da wanda ya taɓa shaƙar hayaƙin bindiga ya kara da Shugaba George W. Bush, wanda bai taɓa taka ƙasar Biyetnam ba a lokacin yaƙin. Ashe waɗanda za su fi yi wa Kerry illa suna cikin tsofaffin abokan aikinsa na soja.

Idan muka waiwaya, Kerry ya shiga rundunar sojan ruwa bayan ya gama jami'ar Yale a 1966. Daga ƙarshen 1968 zuwa watan Maris na 1969 ya jagoranci ƙananan jiragen ruwa masu gudu da ake kira Swift, masu sintiri a kogunan kudancin Biyetnam. Cikin wata huɗun nan ya samu lambar Silver Star da Bronze Star, da Purple Heart har uku, wato lambar da ake ba sojan da aka raunata. Ƙa'idar rundunar ta ba mai rauni uku damar barin fagen daga, shi ma ya yi amfani da ita.

Asalin rigimar kuwa ranar 22 ga Afrilu 1971 ce. Kerry, yana ɗan shekara 27, ya bayyana gaban kwamitin harkokin waje na Majalisar Dattawa da yawun ƙungiyar tsofaffin sojoji masu adawa da yaƙin. Ya faɗa wa sanatoci cewa a wani taro da aka yi a Detroit a farkon shekarar, sojoji fiye da 150 sun ba da shaidar fyaɗe da yanke kunnuwa da ƙone ƙauyuka da harbin fararen hula, kuma ya ce manyan hafsoshi sun san ana yi. Sannan ya tambaye su ta yaya za a nemi mutum ya zama na ƙarshe da zai mutu saboda kuskure. Washegari ɗaruruwan tsofaffin sojoji suka jefar da lambobinsu a harabar majalisa, shi ma yana cikinsu.

Ga masu ƙin yaƙin, jarunta ce. Ga wasu da yawa da suka yi yaƙin, cin amana ne. Sun dawo gida babu kiɗa babu guɗa, sun binne abokai cikin Amurkawa fiye da 58,000 da yaƙin ya ci, sai ga ɗaya daga cikinsu a talabijin yana magana kamar dukkansu masu laifi ne. Kerry ya sha cewa shugabannin da suka tura su yake zargi, amma kunnen wanda ke da miki ba ya rarrabe wannan. Wani matashin hafsa mai suna John O'Neill, wanda ya gaji jirgin Kerry bayan tafiyarsa, ya yi muhawara da shi a talabijin a watan Yuni na 1971, da ƙarfafawar fadar Shugaba Nixon. Mu riƙe sunan nan, don zai dawo.

Bayan shekara 33, a watan Mayu na 2004, aka ƙaddamar da ƙungiyar Swift Boat Veterans for Truth, ƙarƙashin tsohon kwamandansu Roy Hoffmann, O'Neill kuma na kan gaba. A watan Agusta suka saki tallar farko a talabijin da littafi mai suna Unfit for Command, suna cewa Kerry bai cancanci lambobinsa ba. Kuɗin kuwa mafi yawansa daga attajiran jihar Texas magoya bayan jam'iyyar Rifablikan ya fito, irin su Bob Perry da T. Boone Pickens. Har wani lauyan kwamitin yaƙin neman zaɓen Bush, Benjamin Ginsberg, ya yi murabus da aka gano yana ba ƙungiyar shawara.

A ganinmu zargin lambobin bai da ƙafafu. Takardun rundunar sun goyi bayan Kerry, kuma babban sufetonta ya tabbatar a watan Satumba cewa an bi ƙa'ida wajen ba shi. Jim Rassmann, sojan da Kerry ya tsamo daga kogin Bay Hap ranar 13 ga Maris 1969, ya fito ya tsaya masa duk da cewa shi ɗan Rifablikan ne. Cikin waɗanda suka yi aiki a jirginsa, mutum ɗaya tak, Stephen Gardner, ya bi masu suka. Sanata John McCain, wanda ya yi fiye da shekara biyar a kurkukun Hanoi, ya kira tallar rashin gaskiya da rashin mutunci.

Talla ta biyu ce ta fito da abin da ke cikin zuciya. An saka muryar Kerry ta 1971, aka kawo tsofaffin fursunonin yaƙi, ɗaya daga cikinsu, Paul Galanti, wanda ya yi kusan shekara bakwai a tsare, ya ce Kerry ya ba abokan gaba kyauta abin da su suka sha azaba don kada su faɗa. Wannan ba batun takarda ba ne, sufeto ba zai warware shi ba. Amma kuma kada mu manta, kisan ƙauyen My Lai na 1968 ya faru, kotun soja ta samu Laftana William Calley da laifi makonni kaɗan kafin jawabin Kerry, kuma a 2003 jaridar Toledo Blade ta tono ta'asar wata runduna mai suna Tiger Force. Ke nan abin da ya faɗa ba ƙage ba ne, ko da shi kansa ya amince daga baya cewa wasu kalamansa sun yi zafi.

Kwamitin Kerry ya yi kusan mako biyu bai mai da martani mai ƙarfi ba, yana zaton maganar za ta mutu da kanta. Ba ta mutu ba. Ranar 2 ga Nuwamba Bush ya lashe zaɓe da ƙuri'un wakilai 286, Kerry 251, kuma jihar Ohio ce ta raba gardama da ratar ƙuri'a kimanin 118,000.

Kerry ya ci gaba da zama a majalisa har 2013, ya zama sakataren harkokin waje har 2017. A watan Janairu na 2017, ana saura kwanaki ya sauka, ya koma kogin Bay Hap, inda ya gaisa da wani dattijo, Vo Ban Tam, tsohon mayaƙin Viet Cong da ke cikin waɗanda suka yi wa jirginsa kwanton ɓauna a 1969. Dattijon ya shaida masa cewa ya san mutumin da Kerry ya harbe a ranar, har ya faɗa masa sunansa.