Saba ɗaya, agoguna miliyan: ina iyakar take?

Agogon da ke cikin kwamfuta ba abin dogaro ba ne. Idan aka bar shi shi kaɗai, yakan yi gaba ko ya yi baya da 'yan daƙiƙu cikin kwanaki, kuma idan wannan ɗan saɓanin ya taru, ya isa ya rikita lissafin banki ko ya hana buɗe wani shafi. Shi ya sa kwamfutoci ke tambayar lokaci daga wasu na'urori da ake kira sabobin lokaci, ta tsarin NTP wanda David Mills ya fito da shi a 1985.

To, kwamfuta nawa saba ɗaya za ta iya ɗauka? Adadin ya fi yadda mutum zai zata. Saƙon tambayar ƙarami ne, bayit 48 kacal, amsar ma haka. Sabar ba sai ta riƙe wata doguwar hira da mai tambaya ba, tamkar mai agogo ce a kasuwa, a ce masa "ƙarfe nawa?", ya faɗa, kowa ya kama gabansa. Kuma kwamfuta mai bin ƙa'ida takan fara da tambaya duk bayan daƙiƙa 64, idan agogonta ya daidaita ta ja tazarar zuwa daƙiƙa 1024, kusan minti 17. A yi lissafi: kwamfuta miliyan ɗaya a wannan tazarar ba su kai tambaya dubu a daƙiƙa ba. Na'ura mai matsakaicin ƙarfi ma za ta ɗauki wannan ba tare da ta ji a jikinta ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne halin masu tambayar. A watan Mayun 2003, sabar Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka ta wayi gari cikin ambaliyar saƙonni, dubban ɗaruruwa a kowace daƙiƙa. Da farko an ɗauka hari ne. Bincike ya gano cewa kamfanin Netgear ne ya dasa adireshin sabar a cikin na'urorin rarraba intanet kimanin 700,000, kuma an tsara su ta yadda in ba su samu amsa ba, sai su sake tambaya duk daƙiƙa. Wato da sabar ta ɗan gaza, sai nauyin ya ninka, gazawar ta ƙaru. Abin takaicin shi ne na'urorin sun riga sun bazu a gidajen jama'a, ba mai iya tattaro su. A Disambar 2016 ma manhajar Snapchat ta iPhone ta yi wa sabobin sa-kai na NTP Pool irin wannan lodi.

A ganina, mai kula da kwamfutocin ofis, banki ko jami'a ya rage damuwa da ƙarfin saba, ya duba tsari. An gina NTP hawa-hawa ne: sabobin hawa na ɗaya suna karɓar lokaci kai tsaye daga agogon atom ko tauraron GPS, na biyu su karɓa daga gare su, haka har ƙasa. Saboda haka ma'aikata mai kwamfuta dubu biyar ba ta da hujjar sakin su duka kan sabar wasu. Ta kafa nata guda uku ko huɗu a cikin gida, su kaɗai su riƙa leƙawa waje. Dalilin yawan ba nauyi ba ne: idan biyu suka saɓa, ba a san mai gaskiya ba sai an samu ta uku.