Mai Ɗora wa Tsohon Inji Zane

Da zarar azumi ya raba tsakiya, telan Tudun Wada ko na Doguwa kan ɗaure shaddojin mutane, ya bi mota ta Kwanar Dangora zuwa Kano don a yi musu aikin kwamfuta a wuya da aljihu. Wasu daga injinan surfanin da ke wannan aiki 'yan gwanjo ne, Tajima da Barudan ƙirar Japan tun shekarun 1990. Ƙarfensu garau yake. Bakin da suke karɓar zane ne ya tsufa, wato faifan fulofi mai inci 3.5, wanda kamfanin Sony ya daina yi a 2011, kuma kwamfutocin yanzu ba su da ramin sa shi.

A nan ne mai ɗora wa inji zane yake samun abincinsa. Yana fara aiki daga hoton da tela ya nuna masa a waya. Sai ya zauna gaban manhajar Wilcom, ya bi zanen ɗinki bayan ɗinki, ya nuna inda allura za ta cika, da inda za ta tsallaka, da inda za a yanke zare. In ya cunkusa ɗinkin, shadda ta tattare. In ya sassauta, aiki ya fito kamar an yi rowar zare. Ya adana shi a tsarin DST, wanda ba ya riƙe launi, tsayawa kawai yake sa inji ya yi a sauya allura. Sunan zanen ma kada ya wuce harafi 8.

Sauran aikin shi ne kai zanen cikin inji. Babban faifai megabayit 1.44 yake ɗauka, hoton waya ɗaya ma yakan fi ƙarfinsa, amma ya ishi ɗinki sama da dubu 400. Wasu injinan ƙaramin faifai mai kilobayit 720 kaɗai suka sani. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna cinye faifan, ranar da ake tsananin buƙata sai a ji yaron shago yana cewa, "Maigida, inji ya ƙi karantawa."

Maganin da ya fi burge ni shi ne 'yar na'urar Gotek. Ana kwance mazubin faifan, a maƙala ta a wayarsa mai ƙafa 34, a soka filas. Inji yana zaton faifai yake karantawa, alhali filas ɗaya ce aka raba gida-gida, ana zaɓa da maɓalli biyu. Kuɗinta bai kai komai ba in aka kwatanta da sabon inji, sai dai in aka juya wayar ko aka sayi wadda ba ta dace ba, an yi asarar yini.

Ladan zane yakan bi yawan ɗinkinsa, na gyara kuwa ciniki ne. Daga ciki ake cire man janareta, da kuɗin mota in an kira shi wani gari. Abin da ya fi ci masa rai shi ne zanen da ya kwana a kai, gobe ya gan shi a wuyan rigar wani, an kwafe a filas ba a ba shi ko sisi ba. Bayan Sallah kasuwa takan kwanta, sai kaka, lokacin da manoman Kiru da Bebeji suka sayar da amfanin gona aka shiga bukukuwan aure. Kafin nan yana goge ƙurar tsofaffin faya-fayansa, yana kwashe zanukan da ke cikinsu tun ba su mutu ba.